Wutar Imurana Ta Rabu Biyu

Ku yaran yanzu ba ku da haƙuri, ba ku da kunya, kuma ba ku san inda hankalinku ya tsaya ba. Yaro ya kalli abu sau ɗaya a waya, ya tashi yana kiran kansa injiniya. Lambar mijinki ba ki riƙe ta a ka ba, lambar uwarka ba ka riƙe ta a ka ba, kun zuba rayuwarku cikin ɗan gilashi, ran da ya mutu kun mutu tare da shi. In an ce ku ja baya sai ku matso gaba. To ku zauna ku ji abin da matsowa gaba ta jawo wa Imurana, a nan lungunmu na Nima, a kan idona.

Imurana mai gyaran waya ne, in dai gyara ne mutum ya buɗe abu ya rufe, ya rage da kusoshi a hannu. Kiyos ɗinsa na katako yana jingine da bangon gidana ta waje. Tare suka tashi da ɗana Abdul-Razak, wanda ke aikin gini a Doha, shi ya sa na bar shi ya kafa a wurin. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa, kada ya huda mini bango. Bangon ƙasa ne mai kauri, maigidana marigayi ya gina shi da hannunsa tun Nima tana da filin kiwon awaki, daga baya aka shafa masa siminti. Ko ƙusa ban yarda a kafa masa ba.

A daminar da dumso ya matsa mana, wato ɗauke wutar nan da ake yi sai mutum ya manta kamannin fanka, Imurana ya je kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ya sayo batirin babbar mota, ya ɗora faranti mai shan rana a rufin kiyos. Sai ga shi a tsakar gidana yana sosa ƙeya.

"Mma Zenabu, 'yar huda kaɗan zan yi a bango, kamar hancin allura, in zuro muku igiyar wuta."

"A'a."

"To ta sama."

"Ta saman ma a'a. Igiyoyin da kuke ratayawa kamar shanya su suka jawo gobarar da ta cinye ɗakunan maƙwabtanmu su Awa."

Ya yi dariya irin ta wanda ya fi kowa sani. "Shi ke nan. Dama zamanin igiya ya wuce. Ta iska zan aiko muku da wuta."

Na ce, "Iskar da ke kanka ma ta ishi lungun nan."

Ban san da gaske yake ba sai da na nemi babbar robar wankina na rasa. Zuera mai koko, wadda ke kafa tukunyarta kusa da kiyos ɗinsa, ita ma tana ta cigiyar tata. Ashe Imurana ya yanke wa robobin gindi, ya naɗe bakin kowace da zaren jan ƙarfe da ya tsinto wurin 'yan gwangwan a Old Fadama. Ɗaya ya rataye a cikin kiyos, ɗan nesa da bango, ya haɗa ta da batir ta wani akwati mai abin murɗa tasha na tsohuwar rediyo. Ɗayar ya ɗora a kan kujera a tsakar gidana, ya ɗaura mata ƙwan fitila da ƙaramin akwati mai 'yan igiyoyin caji. Ya koma kiyos yana murɗawa, yana ihu ta kan bango.

"Ta kawo?"

"Uwar kanka ta kawo. Ina robata?"

"Yanzu fa?"

Gaskiya ɗaya ce, ƙwan ya kama. Babu abin da ya haɗa robobin nan biyu, ga bango a tsakani, amma ƙwan ya yi haske. Na yi a'uzu billahi. Aka jona wayar surukata Suweiba, matar Abdul-Razak, ta fara sha a hankali. Kafin la'asar rabin lungu ya shigo mini gida da takalma.

Zuera ta leƙa ƙarƙashin kujerar. "Ka ce babu igiya. Wannan taliyar da ke zube a nan fa?"

"Wannan igiyar ƙarshe ce. Ita ba a lissafa ta."

"Robata ma ba a lissafa ta?"

"Robarki ta shiga tarihi, Zuera. Wata rana Turawa za su zo su ɗauke ta hoto."

"Su zo da sabuwa a hannu."

Daidai inda ƙwan ya fi haske, Imurana ya ɗiga wa abin murɗawar jan farce, ya ce nan ne gidan wuta, shi ya gano shi, kuma ba ya motsi har abada. Washegari ya rubuta da fenti a goshin kiyos, INJINIYA IMURANA, WUTA TA ISKA. Ya daina gyaran waya. Yana zaune a benci ƙafa ɗaya kan ɗaya yana ba masu shan koko labarin gobe. Bana zai kai wuta Nima da Maamobi, baɗi Tamale. Turakun wutar da ke bakin titi za a sare su a raba wa mata su yi girki. Matar da ke Bawku za ta riƙa guga da wutar da ta taso daga bayan gidana.

"Cale, abokaina, ku riƙa gaishe ni tun yanzu," in ji shi, "don in motar gwamnati ta zo ɗaukata ba zan gane kowa ba."

Ana cikin haka Suweiba ta sauka, namiji. A gidanmu akwai ƙa'ida tun daga kakanni, ba a faɗin sunan jariri kafin safiyar suna, kuma uba ne ke raɗa shi a kunnen liman, sannan liman ya sanar, sannan a yanka rago. Abdul-Razak ya ce ko yana bayan teku ba zai karya ba. A wurin aikinsu ana karɓe wayoyi a ƙofa, sai ɗan hutun shan shayi na safe ake ba su, kuma hutun ya yi daidai da fitowar rana a nan. A lokacin zai kira wayar Suweiba, a kara wa Malam Iddrisu limaminmu a kunne. In hutun ya wuce, sai yamma. Ko matarsa bai faɗa wa sunan ba. Abin da ake bukata ke nan a duniya, waya ɗaya mai rai da safe.

Sai wuta ta tafi ta ƙi dawowa. Ana jajibirin suna wayoyin gida duk suna numfashin ƙarshe. Zuera ta ce a ba ta ta Suweiba ta kai wurin 'yar'uwarta a Adabraka, can suna da wuta, ta kwana tana sha. Imurana ya ji. Ya shigo kamar an zagi mahaifinsa.

"Adabraka? Ɗan abokina, a bayan kiyos ɗina, a kai wayar sunansa Adabraka? Zuera, me na yi miki?"

"To ga batir a shagonka, ka jona ta kai tsaye."

"Kai tsaye! Ji maganar mutanen da." Daga baya muka gane abin jonawa kai tsayen ne ya farke ya yi akwatinsa da kayan cikinsa.

Ya rantse wa Suweiba da girman Allah kafin safiya wayarta za ta cika har ta yi amai. Yarinya mai jego, ga baƙi, ga gajiya, ta miƙa masa. Bai tsaya nan ba. Ya bi lungu ɗaki ɗaki yana karɓar wayoyi, har da 'yar ƙaramata mai madannai, don gobe manyan mutane za su taru, yana so su ga aiki da yawa. Ya tara su a kan tire a gindin kujera, ya ƙara igiyoyi har taliyar Zuera ta zama ta biki.

Wutar da ke shayar da waya ɗaya aka raba wa tuli. Ƙwan ya koma kamar idon mara lafiya. Imurana ya tsaya ya riƙe haɓa.

"Nisa ne. Mai jin sanyi kusa da murhu yake matsawa."

Ya tura kujerar har robar ta manne da bango. Ya zaga kiyos ya manna tasa ta can. Ya dawo da gudu ya ga sakamako. Ƙwan ya ƙara dusashewa.

A nan jikata Najat ta sa baki. 'Yar babbar 'yata ce, tana karatun wutar lantarki a jami'a a Kumasi, ta zo suna da wando a ƙarƙashin abaya tana tsammani ban gani ba. Tana yanka albasa tana kallonsa.

"Kawu Imurana, ka mai da su inda suke. Sun yi kusa da yawa."

"Madam Kumasi ta yi magana. A makarantarku haka aka ce, a yi nesa da murhu don a ji ɗumi?"

"Wannan ba murhu ba ne. Je ka murɗa abin nan hagu kaɗan ka gani."

Don ya kunyata ta ya je ya murɗa. Ƙwan ya ɗan farfaɗo. Ta ce ya dawo kan jan farce, ya dusashe. Ta ce ya wuce dama, ya sake farfaɗowa. Imurana ya leƙo ta kan bango, idanu waje.

"Wuri biyu! Da wuri ɗaya take kamawa, yanzu biyu!"

"Shi nake faɗa maka. Ta rabu. In sun matsu da juna, inda suke jituwa ya kan tsage biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, tsakiyar da ka ɗiga wa ja ta zama fanko. Kana ƙara matso da su, biyun suna ƙara gudun juna."

Ta ƙara da wasu kalmomin Turanci masu tsawo. Na ce ta yi magana da bakin mutane.

Ta ce, "Kaka, kamar mata biyu ne masu daka, kowa da turminta. In akwai 'yar tazara suna jin juna, dakansu na tafiya kiɗa ɗaya. Ki matso da su har gwiwar hannunsu na gugar juna. Ko dai su rage sauri su riƙa sauka tare, ko su ƙara sauri suna kauce wa juna. Tsohon kiɗan dai ya tafi. Shi kuwa akwatin Kawu tsohon kiɗan yake ta bugawa."

Na ce, "Ke da ba ki taɓa riƙe taɓarya ba, a ina kika san daka? Yanka albasarki."

Imurana bai ji ko ɗaya ba. Yana can yana sanar wa masu wucewa. "Jama'a, wutata ta haihu! Ɗaya ta zama biyu! In na ƙara matsowa huɗu za ta zama. Najat, ki rubuta wannan ki kai wa malamanku, amma ki sa sunana."

"Kawu, ka bar ta a hagun nan ko a dama, ka rage wayoyin, ta Anti Suweiba kaɗai ka bari."

"In rage? A ranar da ta haihu?"

Bayan la'asar na fara jin ƙwas, ƙwas, ƙwas daga wajen bango. Na ɗaga murya na ce mene ne. Ya ce kantar ajiye kaya yake kafawa a jikin katakonsa. Can Zuera ta shigo aron tukunya, ta ce, "Mma, Imurana ya fara sayar da ƙasa ne? Bokiti bokiti yake fitarwa, ja wur." Na aika a tambaye shi. Ya ce kwata yake yashewa saboda baƙin gobe, lada yake nema. Baƙin suna daga Tamale suka iso a lokacin da kayansu da 'ya'yansu, gida ya kacame.

Abin da ya faru a cikin kiyos, shi da bakinsa ya faɗa daga baya gaban dattawa. Ya cire katakon baya, ya fara rarake bangona yana tura robarsa cikin ramin. Duk turawa sai ya murɗa ya nemi wurare biyun nan, sai ya tarar sun ƙara nisa, kamar ɗaya ya yi unguwar Kanda ɗaya ya yi Maamobi. Yana haƙa suna gudu, yana haƙa suna gudu, har abin murɗawar ya kai ƙarshensa ta hagu bai kamo ba, ya kai ƙarshe ta dama bai kamo ba. Mai hankali a nan zai tsaya. Imurana ya mai da shi kan jan farce, ya ce wuta ta san gidanta, za ta dawo, sauran ƙasar da ta rage a tsakani ce ke shanye ta.

Gari ya waye. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, an jera benci har waje. Ga goro, ga dabino, ga tukunyar kokon Zuera tana tururi, ga rago ɗaure a gindin bango yana tuƙa. Malam Iddrisu ya zauna kusa da kujerar robar, inda wayoyi suke, don a kara masa da zarar an kira. Ya faɗa tun da ya shigo cewa wani sunan na jiransa a Maamobi.

Najat ta ɗauki wayar Suweiba ta danna. Baƙa ƙirin. Ta ɗauki ta biyu, ta uku. Har waɗanda aka kawo da ɗan ransu sun cika a kan tire. Ƙwan kuwa ko ja babu a cikinsa.

Na ce, "Imurana!"

"Saura ƙiris, Mma!"

Muryar ta fito sarai kamar yana zaune a cikinmu. Na dubi bango. Tun da aka gina shi ban taɓa jin ya bar magana ta wuce haka ba.

Malam ya ce, "Wa ke da lambar angon ƙarnin a ka? Ga wayata da sauran caji."

Aka dubi Suweiba da ke bakin ƙofar ɗaki da jariri. Ta sunkuyar da kai, lambar ba ta kanta. Tana cikin waya. Aka dubi ƙannensa. Tana cikin waya. Lambobin da shi Abdul-Razak ya sani kuwa duk ga su nan kwance a tire kamar kifin da bai samu mai saye ba.

Ƙwas. Ƙwas.

"Najat, ta kawo?"

"Kawu, don Allah ka ja baya!"

"Baya ba ta cikin tsarina!"

Malam ya fara addu'a don a rage jira. An ɗaga hannu ana amin, sai siminti ya ɓalle daidai kunnensa, bakin kurfi, ƙarfen haƙan nan, ya leƙo ya ture masa hula. Malam ya tsaya a tsakiyar salati. Kurfin ya koma. Ido ɗaya ya maye gurbinsa.

"Salamu alaikum, Malam. A ci gaba, kada a damu da ni."

Na miƙe. Ban san da wane ƙarfi na miƙe ba. "Imurana, bangona?"

"Mma, ba huda ba ce, taga ce ta wucin gadi. Robobin nan in suka sumbaci juna, wallahi sai kin rufe ido don haske."

Ya sa kafaɗa ya tura robarsa. Bangon da ya sha ruwan damina, aka kuma cinye masa ciki, ya yi wani nishi irin na tsoho zai tashi daga tabarma. Zuera ce ta fara ihu. Maza suka watse, Malam ya yi tsallen da bai yi ba tun yana saurayi, babbar riga a hannu. Bango ya zauna. Ƙura ta tashi ja, tukunyar koko ta kife, igiyar rago ta tsinke, ya bi ta sabuwar ƙofa ya yi titi, samari na binsa da kayan sallarsu. Wata Ashantiya mai sayar da burodi ta tsaya a waje ta ɗora hannu a ka tana kukan masifa da yarensu, "Ei! Asem aba!"

Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Da ƙura ta lafa sai ga Imurana tsaye a cikin gibin, ja tun daga gashi har ƙafa, rungume da robarsa, igiyarta na jan ƙasa zuwa batir. Ɗaya robar kuwa ta gangara baya ta jingina da turmi. Ƙwan da ke jikinta yana haske, haske irin wanda bai taɓa yi ba, da rana tsaka ana ganinsa.

"Kun gani!" Imurana ya daka tsalle. "Kun gani! Na ce bangon ne!"

Ya taka gaba da murna zai rungumi ƙwan. Ƙwan ya dusashe. Ya tsaya.

Najat ta ce, "Ja baya."

Ya ja. Ƙwan ya kama. Ya sake matsowa a hankali kamar mai kama kaza. Ya dusashe. Ya ja baya, ya kama. Jama'ar da ta cika titi ta gane wasan kafin shi. Suka ɗauka baki ɗaya, "Gaba! Baya! Gaba! Baya!" Yara na tafi, Injiniya na rawa da robar wanki a gaban limami da baƙin Tamale, yana zufa yana cewa ƙwan ne ke da aljanu.

Zuera ta ce, "Turawan ba su zo ba, amma ga hoto ana ɗauka."

Hasken bai amfani kowa ba. Akwatin cajin yana ƙarƙashin ƙasa, tire ya lanƙwashe, wayar Suweiba ta tsage kamar ƙwai. Aka tono 'yar ƙaramata ko tsagewa ba ta yi ba, don irinsu ba sa fashewa, caji ne kawai babu. Wani direban turoturo, motar hayar nan, ya kai ta motarsa ya jona, da igiya, irin ta mutanen da. Da ta farfaɗo sai ga saƙonnin kiran Abdul-Razak jere a kanta, ya nemi matarsa bai samu ba ya dawo kaina. Aka bi kiran. A kashe. Hutun shayi ya wuce.

Suweiba ta shige ɗaki tana kuka. Aka dawo da rago daga babbar kwata, baƙi ƙirin, sai da aka yi masa wanka da omo. Malam Iddrisu ya kaɗe hularsa ya zo gabana.

"Mma Zenabu, rana ta ɗaga. Ba a tara jama'a a sallame su yaro ba suna, ba a kuma kai rago yamma. Uba bai samu ba. Ke ce babba a gidan."

Na dubi tarin ƙasar da ke tsakar gidana. Na ce a sa masa sunan wanda ya gina bangon nan. Malam ya san shi, tare suka yi sahun sallah shekaru. Ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Kadiri, aka shafa fatiha, aka yanka rago, aka raba goro mai ƙura. Ni dai Baba nake kiran yaron, bakina bai saba da wancan ba.

Dattawa ba su tashi ba sai da suka yi wa Imurana hukunci a nan take. Zai gina bango da hannunsa, da ƙasa, da kaurinsa na da. Zai gyara wayar da ta gyaru, wadda ba ta gyaru ba ya san yadda zai yi da mai ita. Ya ce ya ji. Na ce ni ban gama ba. Yau yinin suna ne, mata za su cika gidan nan, za a ci, za a yi rawa, mai jego za ta fito wanka, ga gidana a buɗe titi na kallo. Wani ya ce a kafa tabarma a gibin. Na ce abin da ya rage na bangona ba mai kafa masa ƙusa. Wanda ya cire bango shi zai zama bango.

Haka aka yi. Aka ba shi babbar tabarma ya riƙe da hannu biyu a sama, fuskarsa na titi, bayansa na gida. Rana ta hau. Masu wucewa na gaishe shi.

"Injiniya, ya aiki?"

"Injiniya, motar gwamnatin ce ba ta iso ba?"

In hannunsa ya sauko mata su yi ihu ta ciki, "Bango na zamewa!" sai ya ɗaga. Ƙanshin naman suna na wucewa ta kansa. Zuera ta ce bango ba ya cin abinci. Sallah kaɗai aka sauke shi ya yi, wani ya riƙe masa, ya idar ya koma.

Wajen la'asar 'yar wayata ta yi ƙara. Abdul-Razak ne, an tashi daga aiki. Najat ta buɗe muryar wayar kowa na ji, mata suka matso.

"Mma, lafiya? Na kira, na kira, har na ce ko wani abu ya samu yaron."

Na ce yaro lafiya, uwarsa lafiya, bango ne ya rasu. Na ba shi labari a taƙaice, na faɗa masa an sa wa yaro sunan babansa. 

"Allah ya raya shi. Sunan Baba ba abin ƙi ba ne. Amma Mma, ba shi na yi niyya ba."

"Wa ka yi niyya?"

"Imurana. Tun muna yara muke tare. Ran da zan tafi shi ya ɗauke ni a babur cikin ruwan sama ya kai ni filin jirgi. Tun a ranar na ƙudura in na samu namiji takwaransa ne. Shi ya sa na ɓoye, na so ya ji daga bakin Malam a gaban jama'a."

Tabarma ta girgiza. Wata murya ta fito daga bayanta, siririya, ba irin ta mai kai wuta Tamale ba.

"Razak? Cale, da gaske?"

"Kana nan ashe? Me kake yi a wurin?"

Zuera ta ce, "Aikin bango yake."

"Mma," in ji Imurana, kansa ya leƙo ta saman tabarma, hawaye sun yi hanya biyu a jar ƙurar fuskarsa, "ba a iya gyarawa? Ko a haɗa masa biyu? Kadiri Imurana, ai ya yi daɗi a baki."

Na ce, "An yanka rago. Ɗaga tabarma, kanka na leƙen mata."

Sauran daminar a cikin laka ya yi ta. Ya kwaɓa, ya ɗora, ruwa ya zo ya zubar, ya sake. Fentin goshin kiyos shi da kansa ya goge, don masu kawo masa tsagaggun wayoyinsu suna karanta masa shi da ƙarfi. Ya sayar da batirin da farantin rufi ya saya wa Suweiba waya, ya sayo robobi biyu, tawa da ta Zuera, kuma tawa ba ta kai ta da kauri ba.

Abdul-Razak ya tausaya masa, ya ce ya yi haƙuri, in Allah ya kawo na gaba nasa ne, ba fashi. Imurana ya riƙe maganar nan ya bi lungu da ita. Da Abdul-Razak ya zo hutu ya koma, Suweiba ta samu ciki, Imurana ya fi kowa kai mata lemo da kankana. Har 'yar riga ya saya aka ɗinka wa harafin sunansa a ƙirji.

Ta sauka bara. Mace ce, sunanta Adisa.